Wanda ya sayi sabon bugu kuma ya san tsohon, ya zo ya ba mu labari

Tsohon Ɗalibi, Leeds

Salamu alaikum masu allura. Abu ɗaya nake so mu tattara a nan. Duk wanda ya taɓa sayen faifan garmaho na kiɗan rok na da wanda aka sake bugawa, mai ɗan tambarin nan a kan leda da ke cewa an gyara sauti, kuma kunnensa ya san tsohon bugun, ya faɗa mana abin da ya ji da kansa. Na wasan da aka ɗauka a gaban jama'a na fi so mu taɓa.

Bari in buɗe da nawa. Karatu ya kawo ni garin nan, zama kuma ya riƙe ni. Ɗakin cin abincin jami'a inda na sha dankali har na ƙoshi, nan ne mawaƙan ƙungiyar The Who suka yi wasa ranar 14 ga Fabrairun 1970, wanda ya zama kundin Live at Leeds. Tsohon bugun na tsinta a wurin 'yan gwanjo: waƙa shida kacal, kwali ruwan ƙasa kamar kayan 'yan satar fasaha. A tsakiyar faifan an rubuta da rubutun hannu cewa ƙaraf-ƙaraf ɗin da za a ji ba laifi ba ne, kada a gyara. Daga wurin ɗaukar sautin ya samo asali, ba ƙura ba ce.

Bara 'yata ta saya mini bugun nan mai faifai uku, wasan daren gaba ɗaya. Ba zan yi masa ƙarya ba, jitar bes ta fito ɓaro-ɓaro, har surutun da suke yi tsakanin waƙa da waƙa ana ji. Amma an share ƙaraf ɗin. Shekara ashirin da wani abu kunnena na jiran sa a daidai inda yake faɗowa, yanzu sai in ji wurin fayau kamar an cire haƙori. Na gode wa yarinya, na jera shi a kanta, amma in dare ya yi tsohon nake ɗaukowa.

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Gari

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a yi nisa a raba abu biyu, don kullum ana cakuɗa su a shagona. Gyaran sauti shi ne a ɗauko tef ɗin ƙarshe, wanda an riga an haɗa ganga da jita da murya a kansa, a daidaita kauri da tsini da ƙarfi, a yanka sabon faifai. Sake haɗi kuwa komawa ake yi kan tef mai layuka da yawa, kowane kayan kiɗa da layinsa, a dama sabon kunu. Abin da mai haɗa sauti Giles Martin ya yi wa fayafayan ƙungiyar Beatles daga 2017 ke nan. Wanda aka ce maka gyara ne, ka ji murya ta tashi daga hagu ta koma tsakiya, to ba gyara kaɗai aka yi ba.

Nawa labarin kuma na wani bawan Allah ne da ya dawo daga Amurka da garmaho da fayafayai sababbi fil. Ya shigo yana faɗa, wai sabon bugu yaudara ne, mawaƙin na ja kamar wanda ya kwana bai yi barci ba. Na juya injin na duba bayansa. Motar da ke juya faifan irin wadda ke bin bugun wutar bango ce, an yi ta don bugu 60 a daƙiƙa na Amurka, mu kuma 50 muke da shi. Faifan da ya kamata ya yi zagaye 33 da sulusi a minti, yana yin ƙasa da 28. Na canza masa ɗan ƙarfen da bel ke hawa, mawaƙi ya farka. Bai ba kamfanin haƙuri ba, ni ma bai ƙara mini ko sisi ba.

Sati biyu ya sake dawowa da faifai biyu sun lanƙwashe kamar gurasa. A but ɗin mota ya bar su da rana a watan Afrilu. Yana ta nanata cewa ai mai giram 180 ne. Nauyi ba ya hana zafin Kano aikinsa, kuma ba ya ƙara wa layin da allura ke bi zurfi. Daɗin riƙewa ne kawai.

Ɗan Zango, Bronx

Baba mai gyara, Allah ya ƙara basira. Ni abin da ya same ni da Led Zeppelin II ne, kundi na biyu na ƙungiyar Led Zeppelin. Na fara sayen bugun 2014, wanda mai jitarsu Jimmy Page da kansa ya tsaya a kan gyaransa. Yana da tsabta, ba ƙara ba tsalle, na yi shekaru ina jin abina ba ni da ƙorafi. Ran nan a wani shagon tsofaffin fayafayai mai shagon ya ce in karkata wani tsohon kwafi a ƙarƙashin fitila, in duba filin nan mai santsi da ke kusa da takardar tsakiya. Sai ga RL an karce da hannu. Robert Ludwig ke nan, shi ya yanka bugun farko na Amurka a 1969, ya cika masa ƙarfi har ƙananan garmaho na lokacin suka riƙa tsalle, dole aka sake yankawa da sauƙi.

Kuɗin da na biya ba zan rubuta a nan ba, matata na iya gani. Kwalin ya tsufa, faifan na da tabo, amma da ganga ta sauka sai da maƙwabcina ya buga bango. A na 2014 ina kallon mai ganga ne daga nesa. A wannan yana cikin falona. Matsala ɗaya, nawa injin ma tsalle yake yi, sai na ɗora kwabon nan na senti biyar a kan allura ya zauna.

Inda bugun 2014 ya ci ni shi ne kundinsu na farko, don an haɗo shi da wasan da suka yi a Olympia ta Paris ranar 10 ga Oktoban 1969. Don rediyo aka ɗauke shi, sautin da kaushi, ba a yi masa kwalliya da yawa ba. Wannan babu wani tsohon bugu na halal da zan kwatanta shi da shi, kuma saboda shi kaɗai kuɗina ya fita.

'Yar Damagaram, Liyon

Ku dai maza da kewar ƙura. Ni ina bayan sabon bugu, kuma ga dalilina.

Kundin Made in Japan na ƙungiyar Deep Purple a kaset na san shi, na babanmu, Allah ya jiƙan sa, wanda wani abokin aikinsa ya kwafa masa. Kaset ɗin ya sha rana a mota har sautin na lilo. Ban taɓa sanin akwai dubban mutane a wurin ba, tafin nasu kamar ana soya ƙosai yake fitowa. Da na zo nan na sayi tsohon bugu a kasuwar Lahadi, na ɗauka na samu asali. To wanda ya riga ni mallakarsa ya cinye shi da mugunyar allura. Fuska ta huɗu waƙa guda ce mai kusan minti 20, kuma da allura ta doshi tsakiya sai komai ya cakuɗe, kuge ya koma tsaki.

Sabon da na saya daga baya shi ne ya fara nuna mini girman ɗakin. Dare uku aka ɗauka a watan Agustan 1972, biyu a Osaka ɗaya a Tokyo, kuma sai a wannan bugun na ji yadda jama'a ke yin tsit suna saurare kafin su ɓarke da tafi. Na zauna a ƙasa na yi kuka, don babanmu bai taɓa jin sa haka ba. Masu yabon tsohon bugu suna mantawa cewa tsoho mai lafiya suke nufi. Irin wanda talaka ke samu a kwandon Yuro biyar, rabin sautin ya riga ya tafi da allurar wani.

Baban 'Yan Biyu, Kaduna

Hajiya ta faɗi gaskiya, Allah ya jiƙan Baba. Ni kuma ta aljihu zan shigo. Mu da ke gida, kafin faifai ya iso hannunka kuɗin aike ya kusa kamo kuɗin kaya. Na taɓa jiran wani kundin wasa mai faifai biyu wata ɗaya da rabi, ya zo ramin tsakiyar ɗaya ya goce, hannun allura na kai da komo, duk dogon sautin jita sai ya yi ta rawa. Mai sayarwa ya ce in mayar a canza. In mayar ina, da kuɗin wa? Yana nan, na ƙara faɗin ramin da ɗan zarto, ina daidaita shi da ido kafin in saka.

Batun analog, wato yanka faifai kai tsaye daga tef, da dijital kuwa na daina musu a kansa tun 2022. A shekarar ne ta fito fili cewa kamfanin Mobile Fidelity, wanda masu kuɗi ke rantsuwa da shi, ya yi shekaru yana juye tef zuwa dijital kafin ya yanka faifai, har magana ta kai kotu aka yi sulhu. Ni ban taɓa mallakar nasu ba, ya fi ƙarfina. Abin da ya ba ni dariya shi ne manyan masu kunne sun yi ta yabon fayafayan nan suna cewa ga zallar tef, ba wanda ya ji dijital ɗin sai da aka faɗa musu.

Na gwada a gidana. Ni da wani abokina muka sa ɗana ya riƙa canza tsoho da sabo na kundi ɗaya, mu mun juya baya. Bambanci akwai, mun ji shi. Amma wanne ne wanne, abokin nan da ya fi kowa cika baki sau uku yana zaɓar sabo yana cewa ga na asali.

Tsohon Ɗalibi, Leeds

Hajiya, kin sa na yi shiru. Na yarda nawa tsohon na yi sa'a ne da shi. Amma har yanzu ina rarrabe kundin da aka yi a ɗakin ɗaukar sauti da na dandali. Wasan Beatles na Hollywood Bowl, na 1964 da 1965, na san bugun 1977 inda ihun 'yan mata ya kusa binne kiɗan. A na 2016 an ja ihun baya, an ji hannun mai ganga. Jikokina sun fi son sa. Ni kuwa ina tuna cewa su kansu masu wasan ba sa jin junansu a daren, ihun nan shi ne abin da ya faru.

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Gari

Alhaji, wannan kai da jikoki za ku ƙarasa. Ni da Ɗan Zango nake. Ɗana, cire kwabon nan yau ɗin nan. Giram biyar ne cif, a kan nauyin da hannun ke da shi tun farko, alhali yawancin allurai kusan giram biyu suke so. Kowane zagaye kana nome faifan da ka ɓoye wa matarka kuɗinsa, nan da shekara sai ya koma irin na kwandon Hajiya. Nemi ɗan sikelin allura, ba tsada, ka duba takardar kan allurarka ka saita nauyin daidai. In ya ci gaba da tsalle, injin ne bai isa ba.

Ɗan Zango, Bronx

Na cire, Baba. Ya yi tsalle sau biyu a fuska ta farko, na ɗaga allura na mayar da shi kwalinsa. Na 2014 na saka kafin sikelin ya iso ranar Alhamis. Maƙwabci bai buga bango ba.