Faifai ya cika amma lissafin df da na du ya ƙi haɗuwa

Mai Ubuntu: Salam 'yan'uwa. Jiya da daddare ina tsaka da aiki sai ga No space left on device, ko fayil ɗaya ya ƙi ajiyuwa. Na buga df -h, umarnin Linux mai nuna filin faifai, na ga / (tushen dukkan foldoji) ya kai 100%, na bi foldojina ɗaya bayan ɗaya da du -sh, mai auna girman folda, amma kusan giga 20 ban ga inda suka shige ba. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Ɗan Sabar: Wa alaikumus salam. Ni ya taɓa hana ni barci wallahi. Na goge wani ƙaton log a /var/log da rm ina murna na samu fili, na dawo df ko gezau, ashe manhajar da ke rubuta log ɗin tana riƙe da fayil ɗin a buɗe, du ba ya ganinsa tunda sunansa ya ɓace amma wurin bai saku ba. Buga sudo lsof +L1 zai nuna maka irin waɗannan fayilolin. Ina sake kunna manhajar giga 12 suka dawo nan take.

Hajiya Mai Kod: Ƙanena ka duba df -i ma. Nawa fili na nan birjik amma inode, wato gurbin bayanin da kowane fayil ke ɗauka ɗaya, ne suka ƙare, ƙananan fayiloli ne rututu a folda ɗaya, kwana biyu ina lalube a duhu.

Ɗalibi: Ni kuma faifai na sayo mai 500GB, df -h ya nuna min ƙasa da 466G, har na shirya komawa kasuwa rigima. Malaminmu ne ya ce -h da 1024 yake ƙirga, -H kuma da 1000, sannan tsarin faifai na ext4 na ware wa root, wato babban mai iko a na'urar, kashi 5 cikin ɗari.

Ɗan Sabar: Haka ne. In jimilla kake so kuma df -h --total -x tmpfs -x squashfs, in ba haka ba a tsofaffin Ubuntu manhajojin snap kan cika maka allo.

Mai Ubuntu: Allah ya saka da alheri. Ashe du ɗin ba da sudo, wato ikon root, na buga ba, shi ya sa ya tsallake wurare. Na yi sudo du -xh --max-depth=1 /var/lib | sort -h sai ga foldar manhajar docker a can ƙasa ya cinye giga 17. Hajiya inode ɗina lafiya lau, 9% kawai.