Faifan walimar sauka ya ƙi yi a injin Baffa

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya aka yi walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanena a ƙauyenmu, can bayan Ringim. Da wayoyi uku muka ɗauki bidiyon: tawa, ta Yaya, da ta wani yaron maƙwabta. To Baffanmu ba ya riƙe babbar waya, idon ma ya yi rauni, amma yana da talabijin mai ƙeya da injin DVD da yake kunnawa da sola. Shi ya ce a sa masa a faifai ya kalla da iyalinsa.

Na kwashe komai zuwa laftof, na jefa fayilolin a faifai. A kwamfuta yana yi lafiya lau. A injin Baffa kuwa sai ya yi ta juyi, can ya ce babu faifai. Biyu ke nan na ɓata. Sannan akwai wajen minti 20 da yaron nan ya manta wayar a kunne, ba abin da ta ɗauka sai takalma da gefen tabarma, ina so in yanke. Me zan yi?

Mai Hoto Gumel:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Malam, faifanka lafiyarsa ƙalau, ajiya kawai ka yi a ciki kamar yadda ake yi a filashi. Waya MP4 take ɗauka, tsohon inji kuwa MPEG-2 ya sani, kuma sai ya tarar da folda mai suna VIDEO_TS da fayilolin VOB da IFO a cikinta kafin ya yarda faifan bidiyo ne.

Fara da yanka. Ka sauke manhajar yanka bidiyo mai suna Avidemux, kyauta ce. Ka bar hoto da sauti a kan Copy, wato ba za ta sake matse bidiyon ba, ingancinsa ba zai ragu ba, kuma cikin ɗan lokaci ta gama. Amma wajen zaɓen inda za ka yanka, ka riƙa tafiya da kibiyar sama da ta ƙasa, su ne ke tsayawa a kan cikakken hoto. In ka yanka a tsakani, farkon wurin zai fito a dagule.

Kada ka ce sai ka haɗe na wayoyin uku a nan, girman hotonsu ba lalle ya zo ɗaya ba. Kai su DVDStyler, manhajar da ke shirya faifan DVD, ɗaya bayan ɗaya yadda kake so su biyo juna. Zaɓi PAL, shi ne tsarin talabijin ɗinmu a Najeriya, girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. Tunda talabijin ɗin mai ƙeya ce, sa fasalin hoto 4:3. Faifai mai 4.7 GB yana ɗaukar kusan awa biyu da kyau. Ni ban wuce haka, don da na taɓa cusa bikin kwana uku a faifai ɗaya, uwar amarya ba ta gane 'yarta ba.

Auwalu Babura:
Kai ɗan uwa, duk wannan wahalar ta mece ce? Duba gaban injin ko akwai ramin filashi. In akwai, mayar da bidiyon AVI da Format Factory ka soka masa, shike nan.

Ɗan Ringim:
Akwai ramin, amma jikoki sun karya harshensa tun bara. Kuma Baffa faifai yake so, abin da zai sa a akwati ya kulle.

Mai Hoto Gumel:
Ai gaskiyar Baffa. Saura abu biyu. Kada ka buga kai tsaye, ka ce DVDStyler ta fitar maka da ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, ka buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC ka kalla tukuna. Ka lura da baki da murya, musamman inda yaron ke karatu. Waya ba ta riƙe adadin hoto ɗaya a kowace daƙiƙa, shi ya sa wani lokaci murya ke riga baki. In ka ga haka, bi da wannan fayil ɗin ta manhajar HandBrake ka tsayar da shi a hoto 25 a daƙiƙa.

Sannan DVD-R za ka saya, tsofaffin injuna sun fi karɓarsa. Buga a hankali, gudun 4x ya isa, kuma laftof na jone da caji, don in ta mutu ana tsaka da bugu faifan ya tafi.

Ɗan Ringim:
Malam, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i aka kalla, har maƙwabta sun cika tsakar gida. Laftof ɗin ta yi fiye da awa biyu tana juya shi, sai da na kai ta shagon caji. Na Yaya ne kawai ya fito siriri da baƙi hagu da dama, don a tsaye ya riƙe wayar. Baffa ya ce a buga ƙarin uku, ɗaya na Gwaggo ne a Hadeja. ISO ɗin nan zan sake bugawa, ko sai na faro daga farko?