Yaya ake sa mata cikin aikin ruwan ƙauye, ba a takarda kawai ba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Masu ba da tallafi kan gindaya sharaɗin cewa sai an dama da mata a aikin rijiyar burtsatse. To, a garin da matan aure ke kulle, ba sa zuwa taron ƙofar dagaci, yaya ake yi? Kuma me ya haɗa wannan da rage talauci?

Jami'ar wayar da kai: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da tambayar wa ke ɗauko ruwan, wa ke biya. A garin kulle 'yan mata ne da yara ke ɗiba, ko 'yan garuwa, kuɗin kuma sau da yawa daga sana'ar uwar gida yake fita: ƙuli-ƙuli, fura, wankau. Jarka ta yi tsada, jari ya karye. Layi ya yi tsawo, yarinya ta rasa darasin safe. Talaucin ke nan.

Kada a haɗa taro ɗaya. A nemi izinin dagaci da liman, sannan mace ta zauna da mata a Islamiyyar matan aure ko a wani babban gida, bayan azahar, lokacin da aikin gida ya lafa. A raba matan aure da 'yan mata, don yarinya ba za ta buɗe baki gaban iyaye ba. Abin tambaya: jarka nawa a rana, nawa ake sayenta da rani, wace hanya ce ba a bi bayan magariba. Kuskuren da aka fi yi shi ne kafa famfo a bakin masallaci ko kusa da majalisar maza. Ruwan na nan, amma budurwa ba za ta ratsa ba, sai ta koma tsohuwar rijiya.

Injiniyan ruwa: Hajiya ta faɗi gaskiya, ga lissafin. Ma'aunin Sphere na aikin agaji ya ce kada nisa daga gida ya wuce mita 500, jiran layi kada ya kai minti 30. Kan famfo ɗaya mutum 250, tuƙa-tuƙa ɗaya mutum 500. Garin mutum 1,000 a kan lita 20 kowa, lita 20,000 ke nan a rana, da kan famfo aƙalla huɗu. Gara a raba su unguwa biyu da a jera su wuri ɗaya.

Famfo mai aiki da sola da rana tsaka yake turo ruwa sosai, ɗiba kuwa da sassafe ake yi da la'asar. In tanki ƙarami ne, gari na wayewa babu ko ɗigo, yarinya ta zauna jiran rana. A sa tankin da zai kwana da ruwa. A ware wa masu kura nasu kan famfon, domin mai jarka goma in ya shiga gaba, layi ya mutu. A yi dakalin da za a aza bokiti kafin a ɗora a ka, da magudana zuwa ramin tsotse ruwa, masai kuma ya yi nisan mita 30 daga rijiyar.

Ma'ajin ƙungiya: Kwamitin kula da ruwa fa? Sunayen mata uku a takarda ba komai ba ne in a shagon mai shayi ake yanke shawara da dare. A ba mace ma'aji, asusu ya zama sai da sa hannu biyu, ɗaya nata. Masu adashi sun san tara kuɗi da bin bashi. A sa farashin jarka da zai ishi gyaran famfo, a rangwanta wa zawarawa da tsofaffi.

Injiniyan ruwa: Na manta ɗaya. A rubuta wa ɗan kwangila ƙa'idar ɗa'a kan hulɗar ma'aikatansa da 'yan talla, a sa mace mai karɓar ƙorafi a asirce. A 2015 Bankin Duniya ya soke tallafin wani aikin hanya a Yuganda, har da dalilin lalata da 'yan mata da aka zargi ma'aikata da yi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Saura batun fili: in gonar da za a haƙa ta gadon mace ce, wa ake miƙa wa diyyar?