Su wa aka raina a lig ɗin Madden na sim? Ina neman shawara kafin a rufe kasuwa

Abba_Kurna

Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu Madden ce, gem ɗin ƙwallon Amurka na NFL, musamman waɗanda suka daɗe suna faranchayis, wato tafiyar da tim sizin bayan sizin. Na shiga wani lig na mutum 32 kowa da tim ɗinsa, kuma dokar lig ɗin ita ce ba mai riƙe fad, kwamfuta ce ke buga duka wasannin (shi ne sim), mu namu kawai saye da sayarwa da draf (zaɓen sababbin 'yan wasa zagaye-zagaye) da jera 'yan wasa, sai kwamishina ya tura sati gaba kowa ya je ya duba sakamako. An zaɓi haka ne saboda wasunmu suna gida wasu suna waje, ga bambancin lokaci ga matsalar natwok, in aka ce sai an buga da hannu to sizin ɗaya sai ya ci mana shekara.

Panthers na gada, wanda ya bar ta ya cika ta da manyan kwantiragi, silin albashi, wato iyakar kuɗin da tim za ta iya biya, ya kusa cika, zaɓen zagayen farko na draf mai zuwa ma ya riga ya bayar da shi. Ba ni da kuɗin masu retin 90 zuwa sama kuma ko da ina da shi ba wanda zai sakar min. To dan Allah wane irin 'yan wasa ne mutane ke rainawa a sim alhali su ke cin wasa? Ba wai sunaye kawai nake so ba, ina so in gane me zan riƙa dubawa. Na gode.

Malam_Sim

Wa'alaikumus salam ƙanina. Abu na farko ka rage kallon wannan babbar lambar ta obarol, don ba wani abu ba ce illa haɗa retin daban-daban da EA, kamfanin gem ɗin, suka yi suka ba kowanne nauyinsa gwargwadon gurbin ɗan wasa, shi ya sa za ka ga mutum ɗaya in ka canza masa gurbi lambar ta hau ko ta sauka alhali shi ɗin dai shi ne, ba abin da ya ƙaru a jikinsa.

Sannan ka gane raini iri biyu ne kuma nan ne yawancin 'yan lig ɗinku za su faɗi. A lig ɗin da ake bugawa da hannu, wanda aka raina shi ne yaro mai gudu da tsawo wanda awiyanes ɗinsa, wato lura da wasa, ke ƙasa, don kai ne ƙwaƙwalwarsa, shi ƙafa kawai zai ba ka. Ka tuna Tariq Woolen lokacin da Seahawks suka ɗauke shi a zagaye na biyar a 2022, ƙafa 6 da inci 4, ya yi yadi 40 a daƙiƙa 4.26, duk wanda ya buga Madden 23 da hannu ya san yadda aka riƙa rububinsa tun obarol ɗinsa bai kai ko'ina ba. To a sim abin juyawa yake. Ba wanda zai yi tunani a madadin yaron, kwamfuta da lambobinsa za ta yi aiki, kuma a abin da na gani awiyanes da iya karanta wasa da iya tsare yanki suna biya fiye da zallar gudu. Amma mutane sun taho da ɗabi'ar wasan hannu, kowa idonsa na kan mai sipid 95, sai ka ga kona ko sefti, cikin masu tsaron baya, ɗan shekara 29 ko 30 mai sipid 88 da awiyanes sama an jefar da shi kasuwa ana neman kai da shi. Waɗannan su za ka kwasa, da zaɓen zagaye na huɗu ko na biyar ma wani zai ba ka yana murna.

Gurbin da na fi so ka duba shi ne kona na uku, mai tsare risiban ciki (risiba shi ne mai kama jifa). NFL ta yanzu fiye da rabin wasa da masu tsaron baya biyar ake yinsa, wato shi wannan da ake kira ɗan benci a gaskiya ɗan farko ne. Kenny Moore ba a ma ɗauke shi a draf ba a 2017 amma yana Colts ya je Pro Bowl, taron zaratan shekara, daga wannan gurbin, Taron Johnson ɗan zagaye na huɗu ne kuma yana Bills shi ya kama ƙwallon Lamar Jackson ya gudu yadi 101 a Janairun 2021. A jadawalin jera 'yan wasa akwai layinsa daban can ƙasa wajen gurabe na musamman, da yawa ba sa ma gangarawa su duba wa kwamfuta ta saka musu a wurin. Je ka duba naka yanzu.

Dan_Maradi

Malam ya faɗi gaskiya amma ni a wajena maganar gaba ɗaya a layin gaba take, masu tare wa kwatabak (mai jifan ƙwallo) da masu fasa su. Dalili kuwa su ba su da lissafi. In kwamishina ya tura sati kowa abin da yake buɗewa shi ne wa ya ci tacdawun (kai ƙwallo ƙarshen fili) wa ya yi yadi nawa wa ya kayar da kwatabak sau nawa, to santa da gad, na tsakiyar layin, me za ka gani a gabansu? ba komai sai dai in an wuce ta kansu. Saboda haka ba mai yabonsu a guruf, ba mai saka hotonsu, kuma in lokacin sabunta kwantiragi ya zo su ake fara saki don a biya risiba.

Ku tuna Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, na Fabrairun 2021, Chiefs suna da Mahomes suna da Kelce suna da Tyreek Hill, amma Eric Fisher da Mitchell Schwartz duk ba su buga ba saboda rauni, Buccaneers suka ci su 31 da 9 ko tacdawun ɗaya ba su yi ba, Mahomes gudun tsira kawai ya yi ta yi daren nan. Me Chiefs suka yi bayan nan? a draf ɗin 2021 suka ɗauki Creed Humphrey a zagaye na biyu da Trey Smith a zagaye na shida, na 226, suka gyara tsakiyar layin, suka zo suka ɗauki kofi biyu a jere. Kuma da aka sake fasa musu layin a Fabrairun 2025 Eagles suka kayar da Mahomes sau shida ba tare da sun ƙaro masu kai hari ba, mutum huɗun gaba kawai, aka tashi 40 da 22. Mu da muka taso da ƙwallon ƙafa mun san wannan labarin, shi ne abin da Real Madrid suka yi da suka sayar da Makelele wa Chelsea a 2003 suka tara taurari a gaba tsakiya ta zama hanya.

A ɓangaren tsaro kuma ka nemi ƙaton da ke zama a kan santa, irin Vita Vea ko D.J. Reader. Ba zai kawo maka sak (kayar da kwatabak) da yawa ba don haka masu kallon lissafi za su ce ba ya komai, kai ka duba ƙarfi da iya yakice mai tarewa da takul. In ka same shi za ka ga lainbakanka na tsakiya, mai tsaro a bayan layin gaba, wanda kake shirin kora ya fara tara takul, sai 'yan lig su ce lainbakan ne ya gyaru.

Ummu_Hanan

Ni fa ban yarda da batun kwasar tsofaffi ba gaba ɗaya, Malam ka yi haƙuri. Eh za su ci maka wasa bana amma Abba ya ce silin albashinsa ya cika kuma ba shi da zaɓen farko, in ya ƙara bayar da na huɗu da na biyar a kan 'yan shekara 30 to baɗi da me zai gina? A Madden da zarar mutum ya doshi talatin ƙarshen kowace sizin sai ka ga jan kibiya a retin ɗinsa, ranin bak, mai gudu da ƙwallo, ma tun kafin nan yake fara zubewa, kuma albashin bai sauka tare da shi ba.

Waɗanda ni na ga an fi rainawa su ne yaran zagayen ƙarshe masu ɓoyayyen matakin ci gaba. Matakan huɗu ne, Normal da Star da Superstar da X-Factor, kuma sabon yaro in nasa ya wuce na farko gem ɗin ɓoye shi yake sai ya buga sinaf 500, wato sau 500 ana tada ƙwallo yana cikin fili, kafin ya bayyana. To mutum zai ɗauki yaro mai obarol 66 ya ajiye shi a benci saboda yana da mai 74 a gabansa, sinaf ɗin ba su cika ba, bai taɓa sanin me yake riƙe da shi ba, ƙarshe ya tura shi tawagar atisaye. Kuma kowa na da damar ɗauke ɗan tawagar atisayen wani in dai zai saka shi cikin mutum 53 ɗinsa. Ni duk sati sai na zagaya tim 31 ɗin nan na duba, wlh abin da mutane ke zubarwa a can ba kaɗan ba ne. Yaro mai Star da 66 zai wuce mai Normal da 74 cikin sizin biyu in yana samun wasa, ga kwantiragin shekara huɗu mai arha.

Kuma ba a gem kawai ba ne. Puka Nacua na 177 aka ɗauka a 2023, ya fara Madden 24 da retin ɗin ɗan benci, ya gama shekarar da kamu 105 da yadi 1,486. DaRon Bland ɗan zagaye na biyar ne, a 2023 ya kama ƙwallo 9 ya mayar da 5 tacdawun. Brock Purdy shi ne na 262, mutum na ƙarshe a draf ɗin 2022, shekara biyu bayan nan yana Super Bowl. Dukansu sai da aka ba su fili tukuna aka sani. Abba tunda bana ba kofi kake nema ba, ka saka yaran su buga.

Malam_Sim

Hajiya ba mu saɓa sosai ba ai. Ban ce ya cika tim da dattawa ba, biyu ko uku a baya inda kuskure ɗaya ke zama maki shida, kuma masu saura shekara ɗaya a kwantiragi don kuɗin ya sauka da kansa. Sauran gurabe na yarda a ba yara. Batun zagaya tawagar atisaye kuma kin fi ni, ni ina mantawa da ita sai an ji min rauni.

Sadiq_09

Ba wanda ya ambaci kika, mai bugun ƙwallo da ƙafa. Jama'a a sim wasa nawa ne ke ƙarewa da tazarar maki uku ko ƙasa? kuma kika mai kyau kuɗinsa bai kai na risiba na huɗu ba. Da hannu kai ke auna bugun don haka ƙarfin ƙafa kawai kake nema, a sim kuwa saitinsa ne ke aiki, mai saiti 70 zai zubar maka da wasa biyu uku a sizin kuma wasa 17 ne kacal. Brandon Aubrey ɗan ƙwallon ƙafa ne fa, Toronto FC suka ɗauke shi a 2017, ya bi ta wani lig mai suna USFL kafin Cowboys su kawo shi a 2023 ya ci bugu 35 na farko a jere bai ɓarar ba. In mai Cowboys na lig ɗinku bai san darajarsa ba ka tura masa tayi yau.

Abba_Kurna

Kai Allah ya saka da alheri, na ƙaru wlh. Na je na duba kamar yadda Malam ya ce, ashe kona na biyar kwamfuta ta saka min a ciki shi ya sa ake ta cina ta tsakiya, na gyara. Saura tambaya ɗaya, ina da ranin bak ɗan shekara 27 da ke kan gaba a yadi a lig ɗin yanzu, kwantiraginsa zai ƙare bana, mutum biyu sun min magana a kansa. In riƙe ko in saki?

Dan_Maradi

Saki ɗan uwa, amma kafin nan duba littafin dabarun da kocinka ke amfani da shi. A sim littafin nan shi ke raba ƙwallo, wani littafin gudu yake so wani jifa, wani tait en (mai tarewa da kamu) yake ciyarwa, duk wanda ya daɗe a faranchayis ya ga yadda ɗan wasa ke tara lissafi a tim ɗaya a sayar da shi ya koma wata ya ɓace. In littafinka na gudu ne to rabin yadin nan na littafin ne da layinka, wanda ke bayansa a benci zai kawo maka mafi yawansu. Raheem Mostert tim nawa suka sallame shi kafin ya zauna a 49ers, da ya samu tsarin koci Shanahan ya yi yadi 220 da tacdawun 4 a kan Packers a Janairun 2020.

Kar ka karɓi zaɓen draf kawai. Ka ce su haɗa maka da gad ko santa matashi, mai sayen ranin bak ba ya jin zafin rabuwa da gad. Kuma ka tambayi duka biyun a lokaci ɗaya kowa ya san akwai ɗayan.

Ummu_Hanan

In ka sake shi kar ka bar gurbin ranin bak na dawun (yunƙuri) na uku yadda yake, shi ma layinsa daban ne a can ƙasa, ka saka wanda ya fi iya kamu da tare wa kwatabak ko da obarol ɗinsa ya fi ƙasa. Kuma ka yi sauri kafin kwamishina ya tura sati, in aka rufe kasuwa sai dai ka rasa shi a banza ko ka sa masa tag mai tsada, wato ka riƙe shi da kwantiragin shekara ɗaya.