Ina son haɗa ƙaramar tirelar kwana, masu walda da kafintoci ku ba ni shawara

Manomin Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da gona a wajen Maigana, kuma duk kaka sai na kwana can, domin idan ba ka kusa da masu casa da masu awo, buhunan da za su iso gida ba za su kai lissafinka ba. Kwana a kujerar mota yana hana ni miƙe baya, rumfar kara kuma ba ta tare sauro. Shi ya sa na ƙudiri niyyar haɗa irin 'yar tirelar nan da Turawa ke ja a bayan mota, mai siffar ɗigon hawaye, gabanta a kumbure, bayanta ya siranta ya gangaro ƙasa. Cikinta katifa ce kawai da 'yar kanta, ba a miƙewa tsaye. A baya akwai murfi da ake ɗagawa sama, sai wurin girki ya bayyana.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne asalinta aikin gida ne. A Amurka ta fara yaɗuwa tun shekarun 1930, lokacin da mujallun masu aikin hannu ke buga zanenta kowa ya haɗa tasa a tsakar gidansa, bayan yaƙin duniya na biyu kuma aka riƙa lulluɓe ta da ragowar alminiyam na jiragen sama. Girmanta na asali ƙafa 4 faɗi, ƙafa 8 tsawo, wato daidai fallen filawud ɗaya, kuma yawanci ba ta wuce kilo 450. Motata Golf 3 ce mai dogon baya, ina ganin za ta iya.

Sai dai duk zanen da na samu a intanet na mutanen da ke da sanyi da titi mai santsi ne. Ni hanyar gonata jar ƙasa ce mai ramuka, ga ruwan Agusta, ga zafin Afrilu. Wace ƙafa zan sa mata? Wane katako ne zai jure damina? Ya zan yi kada mutum ya dahu a ciki? Idan ta yi kyau ina da burin wata rana in kai maiɗakina Yankari da ita.

Mai Walda, Muciya:

Wa alaikumus salam Malam. Ka manta da katako tukuna, a fara da ƙarfe, don shi zai riƙe ranka da na waɗanda ke bayanka a titi.

Shasin ka yi shi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci 2, mai kauri milimita 3. Kada ka yarda a ba ka siririn da ake ƙofar shago da shi, a ido duk ɗaya ne, ka je da abin awo ka gwada bakinsa da kanka. Wuyan da zai kama motar kuma a yi shi tsage biyu, ya shige ƙarƙashin shasin har ya wuce giciye na biyu. Masu liƙa wuya a goshin shasi kawai, a nan yake tsagewa, kuma a kan gudu yake tsagewa.

Maganar ƙafa, tunda Golf gare ka, ka huta. Ka je wajen masu kayan gwangwani ka nemi kan ƙafar baya na Golf guda biyu. Noti huɗu ne ke riƙe kowanne, sai a ɗaure su a farantin ƙarfe mai kauri a bakin bututu mai ƙarfi. Amfanin haka, safayar motarka za ta shiga tirelar, boris ɗinta kuma ko a Soba za ka samu. Sifirin kada ka sa na Hilux. An yi shi don kaya mai nauyi, tirela mai kilo 400 ba za ta lanƙwasa shi ba, sai dai ta yi ta tsalle har ƙusoshin jikinta su saki. Na ƙananan a-kori-kura irin Hijet ya fi, ko shi ma a cire masa falle ɗaya a gani.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne inda ƙafar za ta zauna. Ba a tsakiya ba. Kashi 60 na akwatin ya kasance gaban taya, 40 a baya, wato a ƙafa 8 tsakiyar tayar ta faɗo wajen ƙafa 3 da 'yan inci daga baya. Idan an gama an loda komai, nauyin da ke danne ƙugiyar mota ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukkan nauyin. A kilo 450, tsakanin 45 da 67 ke nan, kuma sikelin da ake auna mutum ya isa ya nuna maka. Idan baya ya fi nauyi, da ka ɗan taka wuta za ta fara lilo hagu da dama tana jan gindin motar, kuma wanda bai saba ba birki yake dannawa da ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa. Wurin girkinka a baya yake, da tukunyar gas da jarkar ruwa, saboda haka batir ka kai shi gaba.

Ni shawarata kada a ƙone walda a mazaunin sifirin sai an gina akwatin an auna. A ɗan ɗiga masa kawai.

Kafinta, Tudun Wada:

Malam, Allah ya taimaka. Oga mai walda ya gama nasa, ga nawa.

Filawud ɗin da ya cika kasuwa na kabad ne da silin, gam ɗinsa ba ya son ruwa. Damina ɗaya zai fara ɓarewa falle-falle daga baki. Ka tambayi 'yan katako na jirgin ruwa, wanda suke ce wa marin. Yana da tsada kuma ba kullum ake samu ba, wani lokaci sai an aiko daga Kaduna ko Kano. Kafin ka biya kuɗin falle da yawa, ka yanki ɗan guntu ka tafasa shi a tukunya. Idan ya rabu, ka bar shi.

Daɓe da bango biyu a yi da mai kauri milimita 18. Rufi kuwa sai siriri, milimita 3 ko 4, shi ne zai yarda ya lanƙwashe ya bi siffar. Sandunan giciye na rufi ka sa busasshen katako marar nauyi irin afara ko malaina. Madaci yana da kyau amma nauyi ne da shi, ka ajiye shi don firam ɗin ƙofa da haƙarƙarin murfin baya. Kuma ka tabbatar ya bushe, don ɗanyen katako idan hunturu ya buga shi murɗewa yake, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Akwai abin da mutane ba sa lura da shi. Idan ka ɗora bangon a kan daɓe mai ƙafa 4, cikin zai ragu da kusan inci ɗaya da rabi, katifa mai ƙafa 4 ba za ta shiga ba. Ko dai bangon ya rungumi daɓen daga waje, ko ka kai wa masu katifa su yanka maka soso daidai wurin.

Na lulluɓi, idan alminiyam za ka sa, kada ka manne shi da gam gaba ɗaya. Yana buɗewa a rana fiye da katako nesa ba kusa ba, sai ka ga ya yi tudu-tudu. A shimfiɗa shi, a riƙe shi ta gefe da bakin ƙofofi. Idan kuɗi ya yi kaɗan, akwai hanyar da nake yi wa akwatunan masu talla: a shafe katakon da gam, a shimfiɗa yadin kanbas a ja shi sosai, ya bushe, a bi shi da fentin mai hawa uku ko huɗu. Ruwa ba ya ratsa shi. Ƙasan daɓe a shafa baƙin kwalta saboda taɓo da gara, amma maganin gara mai wari kada ya shiga ciki inda za ka rufe kanka ka kwana.

Inda za ta yi maka yoyo dai hinjin murfin baya ne. A nan za ka kashe lokaci, ka sa doguwar roba a ƙarƙashinsa, ka zuba ruwa da bokiti ka gwada kafin ka sa katifa.

Maman 'Yan Biyu, Wusasa:

Ni tsorona iska ne. Akwati ƙafa 4 da 8 a rufe, da rana a kansa, tanderu ne. Ka yi mata farin fenti, ka cusa farin soson nan da ake ƙunso firij da shi tsakanin rufin waje da na ciki, ka buɗe taga a kowane gefe da ragar sauro, sannan ƙofar iska a sama da 'yar fanka mai jan zafi waje. Faifan sola ɗaya da batir sun ishe ta har da fitila da cajin waya.

Don girman Allah, lokacin sanyi kada ka shiga da kaskon gawayi, kada kuma ka kunna janareta kusa da taga. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, barci kawai mutum zai yi ya zarce. Ko ba wuta, a bar taga ɗaya a ɗan buɗe kullum.

Tunda ka ambaci uwargida, ka tambaye ta tsayin teburin girkin kafin a kafa shi, kuma ka tanadi labulen tamfol da za a kewaye gefe ɗaya, don alwala da canza kaya. Mace ba za ta ji daɗin tsayawa girki a fili kowa na kallo ba. Yankari kuwa, birai sun saba da mutane a sansanin Wikki, suna buɗe duk abin da ba a kulle ba, murfin nan sai da kwaɗo. Ku fara tambaya ko ana barin mutum ya kwana a abin da ya zo da shi, kuma kada dare ya yi muku a hanya.

Manomin Samaru ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganar gawayi ta shige ni, don a gona da shi muke jin ɗumi. Na nuna wa maiɗakin saƙonki, ta ce ƙofa biyu take so, kada mai fita da asuba ya tsallake ɗan'uwansa, kuma na ga gaskiyarta.

Na yanke shawarar kanbas da fenti, kuɗin alminiyam ya tafi kan filawud mai kyau. Oga mai walda, saura abu ɗaya: sai na sa mata birki nata? Kuma ya batun lamba?

Mai Walda, Muciya:

Idan ka tsare nauyin, ba dole ba ne. A Ingila ƙa'idarsu tirela marar birki kada ta wuce kilo 750 da kayanta, kuma kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta. Golf 3 tan ɗaya ce da 'yan kai, to ka ɗauki kilo 500 a matsayin iyakarka, har da ruwa da gas. Kada ranar dawowa daga gona ka ce bari ka jefa buhun masara biyu a kan katifa, kilo 200 ne ka ƙara.

Ƙugiyar jikin mota a ɗaure ta da noti a ƙashin motar, ba a bamba ba, ƙwallonta milimita 50 irin na motocin Turai. Ka sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuyan, ko ta zame ba za ta caki ƙasa ba. Wutar birki da sigina a ja su daga motar. Batun lamba, ka je ofishin VIO da na Road Safety da zanenka tun kafin a sayi ƙarfe, ka ji abin da suke buƙata daga bakinsu. Idan ka samo kan ƙafafun, ka kawo su tare da tayoyin, sai mun auna faɗinsu kafin a yanka bututun.