Neman shawara: ina tela zai je ya ga zanen zamani a Jidda?

Tela Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne, surfani ne aikina, a Fagge na koya, yanzu ina wani shagon abaya a nan Jidda. Hannuna yana nan da ƙarfinsa, dabara ce ta ƙare mini. 'Yan mata kan zo da hoto a waya su ce irin wannan layin suke so a hannun riga, irin wannan haɗin kala, wai a wajen baje kolin zane suka gani. Ni kuwa fure da ganyen da na taho da su daga gida nake ta juyawa, har maigidana ya fara cewa aikinmu ya zama na da. Ina so in je in gani da idona, amma ban san inda ake zuwa ba. Ana barin baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ya shiga, ko sai da gayyata? Nawa ake biya? Larabcina na kasuwa ne, Turanci babu, Juma'a kaɗai nake hutu. Sannan ina gudun in je in tarar da gumaka da hotunan da ba su dace ba. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Maman Hanan:
Wa alaikumus salam, Malam Tela. Ka cire maganar gayyata daga ranka, ƙofa a buɗe take. Ka fara da Hayy Jameel, gidan baje kolin fasaha a unguwar Muhammadiyya, wanda aka buɗe a ƙarshen 2021. Ɗakunan nunin kyauta ake shiga, ni da yarana muna zuwa, ba a taɓa tambayarmu daga ina muke ba. Kusan kowane aiki akwai bayani da Larabci a gefensa, kuma matasan da ke tsaron ɗakunan suna jin daɗi in ka tambaye su. Sai Athr, wanda yake nan tun 2009, da Hafez. Waɗannan biyun gidajen sayar da zane ne, amma kallo ba a biya, kuma ba wanda zai matsa maka ka saya. Ka duba shafinsu kafin ka fito, don wani lokacin suna rufewa su shirya sabon nuni, ranar Juma'a kuma wurare da yawa sai bayan la'asar suke buɗewa. Lokacin sanyi ne kakar abin. Da zafi garin yakan yi tsit.

Direba Ɗan Sabil:
Oga Tela, ai kullum kana wucewa ta gaban abin da kake nema. Ƙaton keken nan na Maidan Darraja aikin wani mutumin Sifaniya ne, Julio Lafuente. Zamanin da Muhammad Sa'id Farsi yake magajin garin Jidda, a shekarun 1970 da na 1980, Farsin ne ya cika shataletale da bakin teku da irin waɗannan. Yanzu an tara wasu a fili guda a Kornish, titin bakin teku, wajen Hamra, har da na Henry Moore da Joan Miro da Alexander Calder. Ba ƙofa ba tikiti. Ka je bayan magariba in iska ta sauko.

Malamin Hindawiyya:
Allah ya yi maka albarka da ka yi tunanin addininka kafin ka fita. Ba fatawa zan ba ka a nan ba, maganar zana siffar mai rai malamai sun yi bayani mai tsawo, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Abin da na gani da idona shi ne, mafi yawan abin da masu zanen ƙasar nan suke yi ba siffar mai rai ba ne: rubutun Larabci ne, da lissafin kusurwa, da yashi, da zare, da haske. A Kornish ɗin da Direba ya faɗa akwai waɗanda suka ɗauko siffar jikin mutum, in zuciyarka ba ta kwanta ba ka wuce su. Sau da yawa ana sa hotunan nuni a intanet tun kafin a buɗe, ka duba, ka zaɓi wanda za ka shiga.

Baba na Misfala:
Ɗana, ni ma allura ce ta ciyar da ni har idona ya gaza, don haka ka saurare ni da kyau. Akwai babban baje koli na fasahar Musulunci da ake yi duk bayan shekara biyu, Binali suke ce masa, a ƙarƙashin rumfunan saukar alhazai na filin jirgin Sarki Abdul'aziz, inda dubban mutanenmu suka kwana suna jiran mota zuwa Makka. An yi na farko a 2023, na biyu daga Janairu zuwa Mayu 2025, kuma kyauta ne, rajista kawai ake yi ta waya. A na biyun aka rataye rigar Ka'aba cikakkiya, karon farko da aka nuna ta gaba ɗaya a wajen Makka. Jikana ne ya kai ni. Na shekara da shekaru ina ganin rigar nan daga nesa cikin turmutsutsun ɗawafi, sai ranar na tsaya kusa da ita ba mai ture ni. Baƙin da kake gani ba baƙi ne zalla ba, rubutu ne aka saƙa a cikin alharinin, baƙi a kan baƙi, sai ka karkata kai haske ya bugi gefe kafin ya fito maka. Haruffan zinaren kuma ba a kwance suke ba. Ana fara shimfiɗa zaren auduga a ƙarƙashi, a tara shi har ya yi tudu, sannan a bi kansa da zaren azurfa mai ruwan zinare, layi kusa da layi, babu inda audugar take leƙowa. Hannu ne yake yin wannan, a masana'antar da ke Ummul Jud a Makka. A ɗakin da ke gaba kuma sai ka ga aikin yaro ɗan zamani, da fitila ko da ƙarfe, yana magana a kan abu ɗaya da tsohon kayan. Ka sa ido, in an buɗe na gaba kada ka bari ya wuce ka. Kafin nan ka shiga Balad, tsohuwar unguwar Jidda, da rana tsaka-tsaki, ka tsaya gaban Baitu Nasif ka ɗaga kai ka kalli rawashin, tagogin katakon nan masu raga. Kafintocin da suka sassaƙa su sun bar maka zanen wuyan abaya na shekara guda. Ba banza ba UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya a 2014.

Ɗaliba a Jidda:
Kawu, ta ɓangaren waya: ka bi shafukan Diriyah Biennale, masu shirya Binalin da Baba ya faɗa, da Art Jameel, masu Hayy Jameel, da Athr a Instagram, a nan suke sanar da ranar buɗewa. In ka ga aikin da ya burge ka, danna sunan mai shi ka bi shi, da kansa shafin zai riƙa kawo maka irinsu. Da Larabci za ka yi bincike, ya fi kawo na kusa. Sunaye biyu da nake ganin za su yi maka amfani: Dana Awartani, 'yar Jidda ce, aikinta lissafin zanen Musulunci ne, kuma ta yi aiki da yadin alharini da aka rina da ganyaye aka yi masa cin rami da allura. Sai Ahmed Mater, likita ne daga Asir. Yana da wani aiki, ɗan baƙin maganaɗisu mai kusurwa huɗu a tsakiyar farar takarda, an barbaɗa garin ƙarfe ya kewaye shi, na kusa sun miƙe tsaye, na nesa sun kwanta suna fuskantarsa. Duk wanda ya taɓa ɗawafi ba sai an yi masa bayani ba. An nuna shi a gidan tarihin Birtaniya a Landan a nunin aikin Hajji na 2012. Roƙona ɗaya, Kawu: kada ka kwafi aikin mutum sak ka ɗora a abaya ka sayar. Haƙƙinsa ne, kuma Jidda ƙaramar duniya ce, za a gane. Akwai kuma teamLab kusa da Balad, an buɗe 2024, haske ne da kwamfuta, yara suna so, amma shi da kuɗi ne, ba da shi zan ce ka fara ba.

Ɗan Mai Wurno:
Ni daga Sudan na zo, ina Riyad yanzu. Ina so ka nemi sunan Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930. Mahaifinsa malamin allo ne. Ya je Landan ya yi karatun zane, ya dawo ya ga mutanensa ba su damu da abin da ya koyo ba, sai ya koma kan harafin Larabci da adon allo, ya warware su ya gina nasa salon. A 2013 Tate Modern, babban gidan nunin zanen zamani a Landan, ta yi masa nuni shi kaɗai. Dalilin da na kawo shi: kana cewa dabara ta ƙare maka, alhali ka fito daga garin aska takwas da dagi da zayyanar allon sauka da zanen bangon soro. 'Yan matan nan ba su taɓa ganin waɗannan a abaya ba. Ka je nunin ka ga yadda ake ɗaukar tsohon abu a rage shi, a faɗaɗa shi, a bar masa fili. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya tarwatsa masu zanen Hartum, wasu Alƙahira, wasu Nairobi, da yawa sai a waya kake ganin aikinsu yanzu. Ku da kuke da ɗakuna a buɗe a garinku, ku shiga. In hanya ta kawo ka Riyad, akwai unguwar JAX a Dir'iyya, da bikin fitilu na Noor Riyadh.

Tela Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, bayanin audugar nan ya tsaya mini a rai. Saura tambaya ɗaya: in na shiga na tsaya gaban abu ban gane komai ba fa? Kuma da wace shiga ake zuwa?

Maman Hanan:
Jallabiyarka mai tsabta ta isa, ka riƙe iƙamarka a aljihu kamar kullum. Rashin ganewa kuma kowa yana yi, har masu digiri. Ka yi masa tambayar da kake yi wa rigar da wani tela ya ɗinka: da me aka yi, ta ina aka fara, ina aka haɗa, me ya sa aka bar nan wajen babu komai. Kada ka ce sai ka zagaye ɗakin duka, abu biyu ko uku ka tsaya a kansu sosai. Ka tafi da ɗan littafi da fensir, don wasu wuraren ba sa son biro kusa da aiki, ka tambaya kafin ka ɗauki hoto, kuma kada ka taɓa, na san hannun tela da son shafa yadi. Maigidana ya ce in Juma'ar nan ta yi maka, zai ɗauke ka bayan la'asar ku je Hayy Jameel tare. Ka yi masa magana ta akwatin sirri ku tsayar da wurin haɗuwa.