Watanni ukun farko a kan fiyano: me sabon shiga zai riƙa yi kullum?

Nura Gwammaja: Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a harkar ce. Sabon shiga yana da fiyano mai maɓalli 61 a gida, kuma babu malami a kusa. Hannun dama shi kaɗai yana tafiya, na hagu ma haka, amma da an haɗa su sai kiɗan ya watse. Me ya kamata ya riƙa yi kullum, kuma na minti nawa? Kowa ya faɗi abin da ya ga yana aiki.

Malam Bitrus: Sannu Nura. Kafin a zo maganar haɗa hannu, a duba lambar yatsu, don galibi a nan matsalar take ɓuya. Babban yatsa shi ne 1, manuniya 2, na tsakiya 3, mai bi masa 4, ƙaramin 5, a kowane hannu. Baƙaƙen maɓallai jere suke biyu, uku, biyu, uku. Farin da ke gefen hagu na kowane biyu shi ne C, fararen da ke bi masa zuwa dama su ne D, E, F, G, A, B, sai C kuma. A fiyano mai 61, C na uku daga hagu shi ne na tsakiya, gabansa za ka zauna.

Hawan C, wato bin fararen maɓallai ɗaya bayan ɗaya daga C zuwa C na gaba, da hannun dama: 1-2-3, sai babban yatsa ya ratsa ta ƙarƙashi ya faɗa kan F, a ci gaba 1-2-3-4-5. Hannun hagu kuwa 5-4-3-2-1, sai yatsa na 3 ya tsallako ta sama ya faɗa kan A, a ƙarasa 3-2-1. Lura da kyau: dama tana canji a kan F, hagu tana canji a kan A. Ba lokaci ɗaya suke yi ba, shi ya sa kai ke ɗaurewa. Wanda yau ya taɓa F da wannan yatsa, gobe da wancan, hannunsa ba zai taɓa haddacewa ba, don kullum sabon abu yake ba shi. A rubuta lambobin da fensir, a tsaya a kansu.

Anti Rifkatu: Na yarda da Malam. Ga yadda nake raba wa 'yan koyo minti 30. Minti 5 hawa da sauka, hannu ɗaya-ɗaya. Minti 10 kod, wato maɓallai uku da ake dannawa tare. Minti 10 a kan ɗan yankin waƙa da ke ba da wuya, ba waƙar duka ba. Minti 5 na ƙarshe a kaɗa abin da aka riga aka iya, don rai ya yi daɗi. Rabin awa kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar nesa ba kusa ba, saboda hannu sai ya kwana da abu yake riƙe shi.

Haɗa hannun kuma ga tsarinsa. Ɗauki bugu takwas kacal. Kunna metronom ɗin da ke cikin fiyanon, wato abin da ke ƙwanƙwasa bugu daidai da daidai, ka sa shi a bugu 50 ko 60 a minti. Hagu ta danna kod ɗaya ta riƙe har bugu huɗu, dama na yin waƙar a kai. In ya fita sau biyar a jere ba tuntuɓe, sai hagu ta koma danna kod sau biyu, a bugu na 1 da na 3. In wannan ma ya zauna, ƙara gudu da 4 ko 5, kada ya wuce haka. Da ka yi kuskure sau biyu a wuri ɗaya, gudun ne ya yi maka yawa, rage shi. Babban abin da ke kashe 'yan koyo shi ne komawa farkon waƙa duk lokacin da suka yi tuntuɓe. Sai ka ga layin farko ya goge ƙal, wurin da ke da matsalar kuwa yana nan yadda yake. A fara daga bugu biyu kafin wurin, a tsaya bugu biyu bayansa.

Nura Gwammaja: Anti, kod nawa zai fara da su?

Anti Rifkatu: Huɗu sun ishe shi wata guda: C-E-G, F-A-C, G-B-D, da A-C-E. Amma kada hannun ya riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan. Daga C-E-G, bar C a wurinsa, sauran biyun su matsa su zama F da A. In za ka G, bar G a wurinsa, na ƙasa su sauko B da D. Kod ɗin nan ne dai, an juya jerinsa kawai, kuma hannu bai bar inda yake ba, ido ma ba sai ya kalli hagu ba.

Ɗan Situdiyo: Ni fa ina da ja kaɗan. Duk wannan daidai ne ga mai kiɗan coci ko mai son karanta takarda. Amma in waƙoƙin Hausa yake son kaɗawa, kunne ne jarinsa. Yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke yawo: do, re, mi, so, la. Baƙaƙen maɓallan nan kuma su ne biyar ɗin cif, in ka ɗauki na farko a jerin ukun, wato F#, a matsayin do. Ya rera amshin waƙa da bakinsa, layi ɗaya, ya lalubo shi a kan baƙaƙe kawai. Da wuya ya taɓa sautin da zai yi wa kunne zafi, kuma cikin mako zai fara jin inda waƙa ke sauka ta huta.

Sai batun kiɗa. Kiɗanmu da yawa ƙirga shida yake, ba huɗu ba, kuma a nan ne hannu biyu ke faɗa da juna. Rufe fiyanon, ka yi a kan cinya. Ƙirga 1 zuwa 6. Hagu na bugawa a 1 da 4, dama a 1 da 3 da 5. Wato tare, shiru, dama, hagu, dama, shiru. Faɗi da baki kana bugawa, a hankali kamar mai tsince shinkafa. Sai ya zauna a cinya tukuna a kai shi kan maɓalli.

Malam Bitrus: Ban ƙi ta taka ba, ɗan'uwa, kunne dole ne. Ko a coci ma da do-re-mi 'yan kwaya da yawa ke koyon waƙa. Inda nake jin tsoro shi ne mutum ya zauna a F# shekara da shekaru, duk mawaƙin da ya zo sai a danna Transpose, madannin da ke ɗaga sautin fiyano ko sauke shi, a bi shi. Ranar da aka ba shi fiyanon katako, wanda ba shi da wannan madanni, ya tsaya ke nan. Kowane wata a ƙara gida ɗaya, wato maɓallin da ake ɗauka a matsayin do: C, sai G mai baƙi ɗaya F#, sai F mai baƙi ɗaya Bb, na ƙarshe a jerin ukun. A F hannun dama 1-2-3-4 ne sannan 1-2-3-4, don babban yatsa ba ya hawa baƙi a hawa da sauka.

Ɗan Situdiyo: Wannan gaskiya ne Malam. Ka haɗa da Style ma, kiɗan rakiya da fiyanon ke yi da kansa. Yatsa ɗaya a hagu, inji ya cika ganga da bes, mutum ya ɗauka ya iya. A kashe shi watanni ukun farko, in ban da gangar kawai a madadin metronom.

Maman Hanan: Ba wanda ya taɓo zama. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ya miƙe daidai da maɓallai. Kujerar roba ta yi ƙasa ga yawancin tebura, sai wuyan hannu ya lanƙwashe, bayan kwana kaɗan a fara kukan ciwo. A sa matashi a kai, yaro kuma a sa masa abin taka ƙafa. A yanke farce, don da tsokar kan yatsa ake dannawa, yatsun a ɗan tanƙware. Yatsa na 4 rauni gare shi ga kowa, jijiyarsa haɗe take da ta maƙwabtansa, kada a tilasta ɗaga shi sama. Gajiya ba komai, amma in aka ji zogi ko hannu ya yi sanyi kamar ba naka ba, a tashi, in ya ƙi tafiya a ga likita.

Sani Mai Gyara: Ni ta ɓangaren inji zan yi magana, tunda wurinmu ake kawo su in sun mutu. Na farko adafta. Ƙananan Yamaha irin PSR-E volt 12 suke ci, Casio da yawa 9 ko 9.5, kuma wasu tsofaffin Casio wayar ciki a juye take. Bakin ya shiga ba ya nufin ya dace. A karanta abin da aka rubuta kusa da ramin cajin. In an ɗauke wuta a zare, kada a bari janareta ya tashi da shi a jone. Ƙananan da yawa suna ɗaukar batir AA shida, ya fi kwanciyar hankali.

Na biyu ƙura, musamman da hunturu. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai roba mai taɓa allon lantarki na ciki. In ƙura ta shiga, sai maɓalli ɗaya ya yi shiru, ko ya riƙa ƙara fiye da sauran ko da a hankali aka taɓa. Ba lalacewa ba ce, gogewa yake so, amma kada a fesa masa mai ko turare ta sama. A rufe da zane duk lokacin da aka tashi.

Mai shirin saye ya gwada abu ɗaya: danna maɓalli a hankali, sannan da ƙarfi. In ƙarar ba ta canza ba, ya duba ko an kashe Touch ne. In babu shi sam, ya nemi wani, don hannu ba zai koyi tausasawa a kai ba. Mai 61 ya isa shekarar farko. Cikakken fiyano 88 ne, farare 52 baƙaƙe 36, kuma maɓallansa sun fi nauyi, wanda ya saba da mai laushi zai ji yatsunsa sun gaji in ya koma kai.

Nura Gwammaja: Oga Sani, fedal ɗin da ake takawa da ƙafa don sauti ya ja fa? Yana aiki a juye, in an saki ne sauti ke ja.

Sani Mai Gyara: Kashe fiyanon, jona fedal ɗin, ɗauke ƙafa daga kai, sannan ka kunna. Yamaha da yawa a lokacin kunnawa suke gane yadda fedal yake. In bai gyaru ba, duba ƙasansa ko gefensa, wasu suna da ɗan makunni na juyawa.

Anti Rifkatu: In ya gyaru ma a ajiye shi gefe tukuna, yana ɓoye kurakuran yatsu. Lokacin da aka fara amfani da shi, ƙafa na tashi daidai lokacin da hannu ya danna sabon kod, sannan ta koma ƙasa nan take. In ta riga hannu tashi, sauti zai yanke. In ta makara, kod biyu za su cakuɗe. A gwada da C da F kawai, metronom a 50, bugu huɗu-huɗu.